Allon Tuƙi a Tsaye: Yadda Mai Jiki Zai Zaɓi Wanda Zai Ɗauke Shi



Duk wanda ya shigo Abuja ya leƙa Tafkin Jabi da yammacin Asabar ko Lahadi, ya san yanzu ruwa ya zama wurin shaƙatawa. Ga jiragen inji masu zagayawa da iyalai, ga ƙananan kwalekwalen roba. Sannan jefi-jefi za ka hango mutum tsaye cak a kan wani allo mai kama da dogon ƙyaure, yana tuƙi da filafili guda ɗaya. Wannan shi ne allon tuƙi a tsaye, wanda masu sayarwa suke rubuta masa SUP. Waɗanda ke Legas ma sun saba ganin sa wajajen Ikoyi da Lekki da Tarkwa Bay.

Tambayar da mutanenmu suka fi yi mini a kansa guda ce: "Ni da nake da jiki haka, abin nan zai ɗauke ni kuwa?" Amsa ita ce e, zai ɗauke ka. Ni kaina sikeli yana ba ni kilo 108, kuma ina hawa. Amma ba kowane allo ba ne naka. Wanda ya ɗauki yaro mai kilo 60 yana ta yanga a kai, kai sai ya lanƙwashe da kai ya watsa ka ruwa. Kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne, mai kyau yana kama kuɗin ragon layya, wani ma ya doshi na ɗan maraƙi. Ga kuma rai, wanda ba a sayar da shi a kasuwa.

Mahaifina ɗan kasuwar shanu ne, a gaban lodin tirela na tashi. Abin da kowane ɗan kara ya sani shi ne, yawan shanun da mota za ta iya ɗauka daban, yawan da za ta kai Legas a tsaye lafiya daban. Ka cusa su har bakin ƙofa, kafin Jebba wata ta kwanta, sauran sun tattake ta. To wannan lissafin shi ne gaba ɗaya sirrin zaɓen allo ga mai jiki: kada ka sayi wanda zai ɗauke ka da ƙyar, sayi wanda zai ɗauke ka ya bar sarari.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Wasan a yadda yake yanzu daga tsibirin Hawai na Amurka ya fito, inda masu koyar da wasan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki suke tsayawa kan allo da filafili don su hango ɗalibansu. A farkon shekarun 2000 mutane irin su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi, ya bazu duniya. A 2008 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta sanya shi cikin jerin jiragen ruwa, wato dokar rigar kariya ta hau kansa.

Amma tsayuwa a kan ruwa da tuƙi ai ba Bature ya koya mana ba. Sarkawan Yawuri da Kainji tsaye suke tura kwalekwale. Masuntan Argungu kuwa a kan gora suke kwanciya su bi ruwa, kuma kowa ya san ƙato ba ya ɗaukar ƙaramar gora. Ilimin dai ɗaya ne. Shi kansa Tafkin Jabi a watan Nuwamban 2023 ya karɓi gasar tseren kwalekwale ta Afirka, inda 'yan Najeriya Ayomide Bello da Beauty Otuedo suka samu gurbin zuwa wasannin Olamfik na Faris a 2024. Ke nan ruwan nan ba na kallo kaɗai ba ne.

Fara da hawa sikeli

Kafin ka tambayi farashi, hau sikeli. Ba nauyin da ka sani shekara uku da suka wuce ba, na yau. Sai ka ƙara abin da zai hau allon tare da kai: rigar kariya, filafili, gorar ruwa, jaka, da kayan jikinka idan sun jiƙe. Ka ƙiyasta kilo 5. Idan kana da niyyar ɗora ɗanka a gaba, nauyinsa ma ya shiga lissafi.

Nan kuma akwai wani tarko. Yawancin allunan da ke shigowa ƙasar nan an yi su ne don kasuwar Amurka, su kuma da fam suke awo, ba kilo ba. Idan ka ga an rubuta 300 lbs, ba kilo 300 ba ne. Kilo ɗaya fam 2.2 ne. Saboda haka:

Fam 250 kilo 113 ne.
Fam 300 kilo 136 ne.
Fam 350 kilo 159 ne.
Fam 400 kilo 181 ne.

Ko bayan ka juya lissafin, wannan lamba ta jikin kwali iyaka ce ta ƙarshe, ita ce "bakin ƙofar tirela". Wasu kamfanonin ma abin da suke nufi da ita shi ne nauyin da allon zai ɗauka bai nutse ba, ba wanda za a iya tuƙi da shi cikin daɗi ba. Shawarar da masu koyarwa suka saba bayarwa ita ce kada kai da kayanka ku wuce kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na lambar. Ke nan allon fam 300 na mutumin da bai wuce kilo 102 zuwa 109 ba ne, shi da kayansa. Mai irin nauyina, fam 350 ne mafarinsa.

Lita ita ce gaskiyar magana

Lambar da ta fi ta kwali gaskiya ita ce girman cikin allon, wanda ake aunawa da lita. Dalili kuwa ƙa'ida ce da muka yi a sakandare, ta Akimidis: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka duk lita ɗaya ta allo tana iya tallafe kilo ɗaya kafin ta nutse. Allo mai lita 200, sai an ɗora masa kusan kilo 200 zai shige ruwa gaba ɗaya.

Sai wani ya ce, to ai shi ke nan, ni kilo 110 nake, lita 200 ta ishe ni har da canji. A'a, Malam. Idan ka hau, fiye da rabin allon ya nutse ke nan. Ruwa zai riƙa wanke maka ƙafa, ɗan motsi kaɗan gefe ya shige ciki, tuƙi kuma ya zama kamar jan saniyar da ta turje. Abin da ake so shi ne kashi ɗaya cikin uku, ko ɗan fiye da haka, ya shiga ruwa, sauran yana sama.

Hanya mai sauƙi ga sabon shiga da zai sayi na hurawa: ninka nauyinka sau biyu da rabi zuwa sau uku.

Mai kilo 90: lita 225 zuwa 270.
Mai kilo 110: lita 275 zuwa 330.
Mai kilo 130: lita 325 zuwa 390.

Idan mai sayarwa bai san litar ba, kana iya ƙiyastawa da kanka. Ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita, ka raba da 1,000, sai ka ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu, tunda gaba da baya a tsuke suke. Misali allon da ya fi yawa a kasuwa tsawonsa ƙafa 10 da inci 6 ne, faɗi inci 32, kauri inci 6. A santimita 320 da 81 da 15 ke nan. Lissafin zai ba ka wajen lita 290 zuwa 300. Irinsa sak amma mai kaurin inci 4, bai wuce lita 200 ba. A hoto ba za ka bambance su ba, amma tsakaninsu akwai lita kusan 100.

Faɗi shi ne kwanciyar hankali

Lita tana hana ka nutsewa, faɗi kuma shi ke hana ka kifewa. Mai jiki, musamman dogo mai faɗin ƙirji ko mai tumbi, nauyinsa a sama yake, nesa da ruwa. Kamar motar da aka yi wa lodi ya yi tsororuwa ce, a kwana ake gane ta.

Inci 30 zuwa ƙasa na 'yan tsere ne da ƙananan mutane, kada ma ka kalle shi. Inci 32 ya yi wa wanda bai kai kilo 90 ba. Daga 90 zuwa 120, nemi inci 33 ko 34. Wanda ya haura haka ya nemi 35 ko 36. Inci biyu a baki kamar ba komai ba, amma a ƙarƙashin ƙafa bambancin kamar na tsayuwa kan benci ne da tsayuwa kan tebur.

Sai dai kada ka ce bari in sayi mafi faɗi kawai in huta. Allo in ya cika faɗi yana da nauyin tafiya, kuma gajeren mutum sai ya karkata kafin filafilinsa ya kai ruwa, wanda shi ma yana jawo ciwon kafaɗa da tafiya a karkace. Alhaji gajere mai ƙiba, inci 34 mai tsawo ya fi masa 36.

Ka duba siffarsa kuma. Akwai allon da faɗinsa a tsakiya kawai yake, gaba da baya sun tsuke kamar kifi. Akwai wanda faɗin ya bi jikinsa har kusa da wutsiya, wutsiyar kuma mai kusurwa ce. Na biyun ya fi zama daram ko da awonsu ɗaya ne a takarda.

Kauri da tauri: nan araha take cin mutum

Allon hurawa ba balan-balan ba ne. A cikinsa akwai dubban zaruruwa da suka haɗe fatar sama da ta ƙasa, su ne suke riƙe shi a shimfiɗe idan iska ta cika shi, ya yi tauri kamar katako. Idan zaren ba su da yawa, ko fatar shafi ɗaya ce siririya, ko kaurin bai kai ba, to da ka tsaya a tsakiya sai ya lotsa, hanci da wutsiya su ɗaga sama kamar ayaba. Allon da ya lotsa ba ya tafiya, ba ya tsayuwa, duk taku sai ya yi maka rawa.

Ga mai jiki, inci 6 shi ne ka'ida. Taurin irin wannan allo yana ƙaruwa ne da ninkin kaurinsa, don haka mai inci 6 ya fi mai inci 4 tauri fiye da sau biyu. Akwai 'yan kamfanoni masu tsada, irin su Red Paddle Co na Ingila, da suke yin mai inci 4.7 ga manyan mutane, amma su suna rama kaurin ne da ingancin fata da iska mai ƙarfi da allon ke iya ɗauka. Mai inci 4 na araha da ake tallatawa a Facebook da Instagram ba ya cikin wannan layi, na yara ne.

Abu na biyu, ƙarfin iskar da aka rubuta kusa da bawul, ana auna shi da PSI. Yawancin masu kyau suna ɗaukar 15, wasu har 18 ko 20. Wanda iyakarsa 10 ko 12, bar shi. Abu na uku, tambayi ko fatar shafi biyu ce ko wadda aka narke aka haɗe. Ta fi mai shafi ɗaya nauyi kaɗan da tsada, amma ita ce mai ɗaukar ƙato. Wasu kuma ana manna musu ɗamarar kabon a gefe don ƙarin tauri, in aljihu ya kai, ba asara ba ce.

Gwajin da ba ya ƙarya: a hura shi ya cika, a ɗora hanci da wutsiya kan benci biyu, ka hau tsakiya a hankali. Zai ɗan sauka, wannan ba komai. In ya lanƙwashe har kana jin za ka taɓa ƙasa, to ka ga abin da zai yi maka a ruwa.

Ka lura, mutane da yawa allonsu lafiyarsa lau, iska ce ba sa cikawa. Da ya kai PSI 7 ko 8 ya riga ya yi tauri a hannu, famfo kuma ya fara nauyi, sai mutum ya ce ya isa. Siriri zai sha da haka, kai ba za ka sha ba. Bi gejin, kada ka bi hannunka.

Tsawo

Tsawo yana ƙara lita, yana kuma sa allo ya miƙe a tafiya. Ƙafa 10 da rabi ya yi wa mai kilo 90 zuwa 100 in faɗin ya kai. Daga nan zuwa sama, ƙafa 11 zuwa 11 da rabi. Allo mai ƙafa 11 da rabi, faɗi 34, kauri 6, yana kai wa wajen lita 340 zuwa 350, kuma irinsa nake hawa. Mai ƙafa 12 da rabi mai tsinin hanci na doguwar tafiya ne, yana da gudu amma yana da wuyar juyawa, kuma sau da yawa a tsuke yake. Bari sai ƙafarka ta zauna.

Na hurawa ko na faiba?

Na faiba, wato mai tauri wanda cikinsa soso ne, ba ya lotsawa ko kaɗan, ya fi sulɓi a ruwa, kuma ba ya bukatar lita mai yawa kamar na hurawa. Matsalarsa ajiya da ɗauka. Abu ne mai tsawon mita uku da rabi. A ɗakin haya na Agege ina za ka jingina shi? A Keke za ka sa shi? In ya bugi dutse ya tsage, ruwa ya shiga sosonsa, mai gyaransa ba a kowane gari ba.

Na hurawa kuwa nauyinsa kilo 8 zuwa 13 ne, ana naɗe shi a jakar goyo, ya shiga but ɗin mota ko ƙarƙashin kujerar bas daga Zuba zuwa Legas. In ka faɗi a kansa ba ya fasa maka gwiwa. Ga irin zamanmu na Kudu, inda wuri ya yi ƙaranci kuma kullum ana kan hanya, ni na hurawa nake ba da shawara, da sharaɗin ya cika abubuwan da na lissafa.

Ranar ƙasarmu

Waɗanda suka rubuta takardar cikin kwali ba su san ranar Abuja ta watan Maris ba. Iska in ta ɗumama kumbura take yi. Ka hura allo PSI 15 da sanyin safiya, zafi yana maki 25, ka bar shi kan siminti rana ta gasa cikinsa ya kai maki 55, ƙarfin iskar zai haura zuwa kusan 18. Ga shi zafin yana sassauta gam ɗin da ya riƙe gefuna. Sai ka ji fam! Kuma fashewar gefe ba irin hujin da ake wa faci ba ne.

Saboda haka in ka fito ruwa za ka huta ko za ka yi sallah, kai shi inuwa ko ka rage masa iska kaɗan. Kada ka bar shi a hure cikin mota a rufe. Allo mai launin haske ya fi baƙi dacewa da mu. Kuma don Allah kada ka kai wa mai facin taya ya hura maka da injinsa, cikin ƙiftawar ido zai wuce iyaka. Famfon hannu minti 10 ne, in ka ga zai cinye maka ƙarfi akwai na lantarki da ake jonawa a mota, yana tsayawa da kansa in ya kai lambar da ka sa.

Filafili

Tsawonsa ya ɗara tsayinka da santimita 15 zuwa 25. In ka tsayar da shi a ƙasa ka ɗaga hannu, wuyan hannunka ya zauna kan maƙallin sama. Wanda ake haɗowa kyauta a cikin jaka yawanci na alminiyam ne, yana da nauyi, makullinsa yana zamewa in mai ƙarfi ya danna, wani ma in ruwa ya shige shi nutsewa yake. Dogon mutum ya tabbatar yana buɗewa ya kai tsayinsa, don da yawa iyakarsu wajen santimita 210 ne. In da hali, sayi na faiba ko na kabon daban.

Rigar kariya da igiya: nan ba ciniki

Mu ba sai an ba mu labarin ruwa ba. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Neja wajen Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure. A Afrilun 2024 ɗan wasan fim Junior Pope ya rasu a wannan kogi tare da abokan aikinsa, mutanen Asaba da Onicha ba su manta ba. Hukumar NIWA ta tarayya da LASWA ta Legas kullum maganarsu ɗaya: ba riga, ba shiga jirgi. Wanda ke cikin jirgi ke nan, balle kai da faɗawa ruwa yana cikin wasanka.

A jikin rigar za ka ga an rubuta 50N ko 100N ko 150N. Ba naira ba ce, ƙarfin ɗagawarta ne. Mai 50N ta wanda ya iya iyo ce a ruwa mai kwanciya kusa da gaɓa. Wanda iyonsa bai nuna ba ya nemi 100N zuwa sama, mai 150N kuwa an yi ta ne ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Wanda bai iya iyo ba sam, ya fara koyo tukuna.

Matsalar mai jiki da riga ba ɗagawa ba ce, zama ne. Ana zaɓenta da awon ƙirji. In tumbi ya fi ƙirji faɗi, da ka faɗa ruwa sai ta zame sama ta rufe maka fuska. Gwada ta: ɗaure duk maɗaurai, ɗaga hannu, wani ya ja kafaɗun sama. In sun kai kunne, ba taka ba ce. Nemi mai igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi.

Sai igiyar da ke haɗa ka da allo. In ka faɗi, ƙafarka tana tunkuɗa allon, iska ta ƙarasa, kuma ba za ka kamo shi da iyo ba. A tafki irin Jabi, ko Eleyele na Ibadan, ko Oguta na Imo, ɗaura ta a idon sawu. Amma a ruwa mai gudu wannan igiya dabaibayi ce. In ta sarƙe a itace ko turken gada, ruwa zai danne ka, hannunka ba zai kai ƙafa ba. A nan ɗamarar ƙugu mai saurin kwancewa ake sawa. A Oktoban 2021 mutum huɗu suka rasu a Kogin Cleddau na yankin Wales a Birtaniya, bayan allunansu sun gangara wata madatsa lokacin da kogin ya cika, kuma tun daga nan hukumomin can suke ta jan kunne kan irin igiyar da ta dace da ruwa mai gudu. Sabon shiga dai, ba ruwansa da Kogin Neja, ko Kogin Ogun na bayan Kara, ko mashigun Fatakwal da teku ke cikawa yana janyewa.

Maganar sutura kuma: babbar riga, jallabiya da wandon jins in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Riga mai sauƙi da wandon wasanni da ya rufe gwiwa sun wadatar. 'Yan'uwa mata ma akwai kayan iyo masu rufe jiki duka.

In za ka yi ciniki

Kada ka biya kuɗin na hannu ko tokunbo sai an hura shi a gabanka ya kai iyakarsa, an bar shi awa biyu ko uku, an sake duba geji. Kaɗa ruwan omo ka shafa a gefuna da kewayen bawul, inda ya yi kumfa nan yake sacewa. Ƙaramin huji a sarari ana masa faci. Gefen da ya fara ɗagowa, ko wani ƙullutu da ya kumbura a fata, alamar zaren ciki sun tsinke, ko kyauta aka ba ka ka yi godiya ka wuce. Duba fiffiken ƙasa, wanda ke sa allo ya miƙe, ka tabbatar yana nan kuma gidansa bai tsage ba. In ta intanet za ka saya, mai sayarwa ya turo maka abu biyar a rubuce: tsawo, faɗi, kauri, lita, PSI. Wanda ya ce maka "ai kowa yana ɗauka", bai san kayansa ba.

Mafi kyau ma, kafin ka sayi naka, nemi aro ko haya ka gwada girma biyu. Minti 20 a ruwa ya fi sati guda na kallon hoto.

Ranar farko

Fita da safe, lokacin da ruwa ke kwance kuma jiragen inji ba su fara tayar da igiya ba. Kada ka je kai kaɗai. Fara a durƙushe, gwiwoyi gefe da gefen maƙallin tsakiya, don nan ne cibiyar allon. In za ka miƙe, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sassauce, ido a gaba ba a ƙafa ba. Da ka miƙe sa filafili a ruwa, shi ne ƙafarka ta uku.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai jiki ya koya ranar farko ba tsayuwa ba ce, komawa kan allo ne bayan faɗuwa. Allo mai inci 6 yana zaune sama da ruwa, ga rigar kariya tana tokarewa a gefe. Zo ta tsakiya, kama maƙallin, bar ƙafafunka su taso bayanka kamar mai iyo, ka harba ruwa ka ja ƙirjinka sama, sannan ka juyo da ƙafa. In ya gagara, gwada ta wutsiya. Maimaita kusa da gaɓa har sai ka yi sau uku a jere. In ba ka iya wannan ba, kada ka yi nisa.

Ka kula da iska. Mutum a tsaye kamar tanti ne, mai faɗi kuma ya fi tare ta. Fara tafiyarka kana fuskantar iska, don in ka gaji ta dawo da kai. In ta fi ƙarfinka, durƙusa ko ka kwanta ka yi tuƙi da hannu. Daga Afrilu zuwa Oktoba hadarin Abuja ba ya sallama, na Legas da Fatakwal ma ba sai na faɗa muku ba. Da ka ga gabas ta yi baƙi ko ka ji tsawa, fita. Ramukan da aka fasa dutse ruwa ya cika su, irin na Mpape, suna da zurfi kuma gefensu a tsaye yake, ba wurin koyo ba ne. Dam ɗin ruwan sha kamar Usuma kuwa sai da izinin masu shi. Bayan ka fito ka yi wanka da sabulu, kuma ka sani ruwan da ba ya gudu a ƙasar nan ba a raba shi da tsargiya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ji ta bakin likita tukuna.

Wasan nan yana da rana ga masu jiki, don yana motsa baya da ciki da cinya ba tare da dukan gwiwa irin na gudu ko ƙwallo ba. Da yawanmu zaman shago da zaman rumfa ya tara mana teɓa, ga suga da hawan jini suna bin mutane tun ba su manyanta ba. Ka riƙe lambobin nan in kana tsakanin kilo 100 da 130: tsawo ƙafa 11 zuwa 11 da rabi, faɗi inci 34, kauri inci 6, lita 320 zuwa sama, PSI 15 ko fiye. In kuɗinka bai kai allo da riga gaba ɗaya ba, sayi rigar ka ci gaba da haya har Allah Ya hore.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.